Littafin da Zan Miƙa wa Yaron da Ba Ya Gajiya da Kwaikwayo

Tambaya, daga wata uwa a Daura: "Malam, ina da yara biyu, mace mai shekara 12 da wanta mai 14. Ba su da aiki sai kwaikwayo. In baƙo ya zo gidanmu, kafin ya kai bakin titi sun ɗauke tafiyarsa da tarinsa. Da azumi su ne kan gaba a tashe, a makaranta kuma suna cikin 'yan wasan kwaikwayo. Amma karatun littafi sai an kai ruwa rana. Wane ƙagaggen labari na Hausa ne mai ban dariya, ba na soyayya ba, da zai ja su?"

Amsa:

Hajiya, Allah ya raya su, ya shirya mana su baki ɗaya. Ki saya masu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma ki sayi kwafi biyu, zan faɗa maki dalili can gaba.

Na san abin da za ki ce: ai wannan tun muna makaranta muka karanta shi. Haka ne. Sai dai mu karanta mana shi aka yi don jarrabawa, malami na gaban allo yana tambayar jigo da salo, mu kuma muna ƙirga mintocin da suka rage a kaɗa ƙararrawa. Na yi shekaru ina koyar da Hausa a sakandare nan Katsina, ni ne kuma aka ɗora wa kula da 'yan wasan kwaikwayo, don ba wanda ke son aikin. A can na gane cewa littafin nan wasan kwaikwayo ne aka sanya wa rigar labari. Yaron da ke son hawa dandali yana ganin haka tun a shafukan farko, ko da malaminsa bai gani ba.

Littafin ma ɗan gida ne. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya fara koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Yana wannan koyarwa ne a 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar fassara da talifi a Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam yana da shekara 22 ya shiga da Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ma ya shiga gasar da Ganɗoki. Ki faɗa wa ɗanki wannan. Wanda ya rubuta littafin, a lokacin da ya rubuta shi, shekara takwas kacal ya ba shi. Saurayi ne mai jini a jika da ke yini cikin yara, ya san abin da ke sa aji ya fashe da dariya, kuma hakan ya fito a rubutun.

Labarin a taƙaice: Alhaji Imam ya bar gida neman wani ruwa da aka ce shi ne maganin ciwon ɗan sarki. Wannan ita ce igiyar da aka ɗaure kayan, amma ba don ruwan ake karanta littafin ba. Ana karanta shi ne don Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da Alhaji ya sauka yana cikin shirya wata dabara, sai ga Zurƙe ya ɓullo. Yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama da ƙari. Kar-ta-san-kar ce daga gari zuwa gari. Imam da kansa ya faɗi cewa dabarar haɗa mutum biyu masu wayo suna kai wa juna ya ɗauko ta ne daga Muƙamar Hariri, littafin Larabcin nan mai muƙama 50 da har yau ake karantawa a zaurukan malamanmu, inda Harisu ke ta cin karo da Abu Zaidu a garuruwa daban-daban. Ya karɓi tsarin, ya zuba masa kasuwa da fada da zauren alƙali irin namu.

To duba abin da wannan tsari ya haifar. Kowace haɗuwa tana da wurinta guda, mutanenta kaɗan, rikicinta guda, kuma tana ƙarewa da wani ya sha kunya. Abin da masu wasa ke kira fitowa ke nan. Ba sai yaro ya sha wahalar yanka labarin ba, marubucin ya riga ya yanka masa. Ƙari a kan haka, Alhaji da bakinsa yake ba da labarin, a gaban mutanen da suka taru suna saurare, ya tsaya, a watse, a sake taruwa ya ci gaba. Wato ko a cikin littafin akwai 'yan kallo.

Bari in nuna maki fitowa guda, wadda na fi yawan sa yara su yi. Alhaji ya sauka wani gari, ya lura mutanen ba su da karatu, sai ya mai da kansa shehin malami. Ana nan sai ga Zurƙe, wanda ya yi karatu na gaskiya, ya zo zai tona masa asiri a bainar jama'a. Alhaji ya zana wani ɗan lanƙwasasshen layi, ya ce a karanta. Zurƙe ya kira sunan wani baƙi na Larabci, aka ce ba shi ba ne, ya kira wani, aka ce ba shi ba ne. Sai Alhaji ya juya ga jama'a ya nuna masu ashe jinjirin wata ne. Kowa ya duba ya ga wata, aka kori mai ilimi, jahili ya zauna daram.

Ranar da muka fara gwada ta, yaron da ke Alhaji ya durƙusa ya yi zanensa a ƙasa da yatsa. Na koma bayan aji na tsaya, ban ga komai ba sai ƙeyarsa. In 'yan kallo ba su ga zanen ba, ba abin da za su yi wa dariya. Muka samo babban kwali da gawayi, ya zana, ya ɗaga wa 'yan kallo tukuna, ya bar su suka ƙare masa kallo, sannan ya juya wa Zurƙe. Daga nan muka gane ashe nauyin fitowar ba a kan manyan biyu yake ba, a kan mutanen gari yake. Na jera yara takwas na ce idan an ce wata ne, kada kowa ya yi magana, ku karkata kai gefe guda ku dubi kwalin. Suka karkata tare kamar kaji sun ga shirwa. Can sai wani ɗan ƙarami cikinsu, ba wanda ya sa shi, ya ɗaga kai ya dubi rufin aji, ya dawo ya dubi kwali, ya ce a hankali, "Wallahi shi ne, har ya ɗan kwanta irin na ƙaramar salla." Wannan magana ba ta cikin littafi. Muka bar ta a wasan, kuma ranar da aka yi shi gaban iyaye a nan aka fi yin dariya.

Wanda ya ba ni wahala shi ne mai fitowa a Zurƙe. Da an kai wurin sai ya ƙyalƙyale, ya sa hannun riga ya toshe baki. Na ja shi gefe na ce, "Kai a wurinka ina abin dariya? Shekara nawa ka yi kana cin kwakwa a gaban malamai, ga wanda bai san alif ba zai sa a kore ka daga gari da jifa." Da ya fara jin haushin da gaske, yana nuna kwalin yana rantsuwa muryarsa na rawa, sai 'yan kallo suka riƙe ciki. Wannan shi ne darasi mafi wuya ga yaro mai ban dariya, kuma 'ya'yanki za su ci karo da shi, don mai kwaikwayon baƙo a tsakar gida yakan yi yana dariya tare da masu kallonsa. A dandali kuwa wanda abin ya faɗa wa ba ya dariya. Ki tuna ɗankama. Zai ɗauko muryar malami mai jan baƙi, ya yi ta zuba bayanin tuwo da miya da man shanu, fuskarsa a murtuke kamar mai karanta wasiyya. Da zai yi murmushi sau ɗaya, da wasan ya zube. Haka yaron da ya manna gemun auduga a tashe yana musun bai yi rawa ba: iya tsananin musunsa, iya daɗin rawar in ta zo.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin dariyar baki ɗaya, wanda ya kamata su gane da kansu: mai kallo ya san abin da na cikin wasa bai sani ba. Mu mun san Alhaji bai iya karatu ba, mutanen gari ba su sani ba. Mun san Zurƙe zai dawo, Alhaji ya saki jiki. Jiran nan da mai kallo ke yi, yana ganin rami yana ganin mai tafiya, shi ne rabin daɗin. In yaro ya fahimci wannan daga littafi guda, zai riƙa hango shi a duk wasan da ya kalla.

Yadda za ki ɓullo masu kuwa, kada ki ce "ga littafi ku karanta". Ki ce kina son su yi maki wasa daga ciki ranar Juma'a da dare, ke da mahaifinsu da duk wanda ke gida za ku kalla. Karatun zai zo da kansa, don ba yadda za su zaɓi fitowa ba su bi littafin ba. Ɗan siriri ne, zama biyu ko uku ya ishe su. Su karanta a bayyane, suna karɓa-karɓa, shi ya sa na ce kwafi biyu: kowa da nasa a hannu, da fensir. Inda mutum ya yi magana su ja layi a ƙasa. Inda aka yi wani aiki, an tashi ko an faɗi ko an ruga, su zagaye shi. Inda aka ce wane ya gaya wa wane kaza ba tare da an kawo maganar ba, nan ne aikinsu: su ƙirƙiro abin da ya faɗa da bakinsu. Kuma ki bar su su faɗe shi da Hausar gida. Yaranmu na Katsina in suka ce "mi ya hwaru" a dandali, nan take 'yan kallo ke jin mutumin unguwarsu ne, abin da Hausar littafi ba ta bayarwa.

Kuskuren da na yi a shekarar farko, kada su maimaita shi. Na ji tausayin zubar da kalmomin Imam, sai na sa yaro guda ya tsaya gefe yana karanta duk bayanin, sauran suna jira a zo kansu. Kafin a yi minti biyar 'yan aji ɗaya sun fara hira, manyan baƙi na duba agogo. Duk abin da za a iya nunawa a cire shi daga bakin mai ba da labari. Abin da ya rage a ba Alhaji da kansa, ya juyo ya faɗa wa 'yan kallo kamar mai raɗa masu asiri, ya koma cikin wasa. Fitowa guda kada ta wuce minti 10.

Yanzu ga aibin littafin game da gidanki: na maza ne. Mata ba su da wani babban gurbi a ciki. 'Yarki na iya naɗa rawani ta fito a Zurƙe, ba sabon abu ba ne, a tashen Mairama da Daudu ma ai yarinya ce ke sa riga da hula ta zama maigida. Amma ta cancanci gurbin da za ta baje kolinta a matsayin mace, don haka ki haɗa mata da Magana Jari Ce, shi ma na Imam, mai juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937. Ba ƙagaggen labari guda ba ne irin wanda kika tambaya, tarin labarai ne da aku ke bayarwa, amma a ciki akwai labarin Kalala da Kalalatu, kuma ban san wani labarin Hausa da ya fi shi sauƙin ɗorawa a dandali ba. Maigida ya sa a soya kaji don baƙo. Uwargida na ɗanɗanawa, tana ɗanɗanawa, har ta wayi gari ba kaji. Baƙo ya iso maigida na wasa wuƙa, sai ta raɗa masa cewa kunnensa za a yanke. Baƙo ya ranta a na kare. Ta juya ta ce wa miji baƙonka ya gudu da kaji. Miji ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya. Shi kaza yake nufi, mai gudu kuwa kunne yake ji.

Mutum uku, kwano mai murfi, ƙofa guda, shi ke nan kayan wasan. Kuma duk nauyin yana kan yarinyar. Wurin da za ta nuna gwaninta shi ne cin kajin, ba ƙaryar ba. Ta buɗe kwano, ta rufe, ta tafi, ta dawo, ta ba kanta hujja, ta ɗauki fiffike, ta ga ɗayan ya zama maraya. Wata ɗalibata da ƙosai muka yi mata kajin, ta ci shida a gaban jama'a ba ta ce uffan ba, ana ta dariya tun kafin a fara magana. Asalin labarin yana cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara a ƙarni na 19. Imam ya ɗauko shi ya mai da shi na cikin gidan Bahaushe har ba mai cewa baƙo ne. In yaranki suka sauya wa fitowa wuri ko suka ƙara mata magana, abin da shi ma ya yi ke nan.

Za ki iya cewa, tunda wasa suke so, me ya hana in ba su littafin wasan kwaikwayo kai tsaye? Muna da su, masu kyau. Amma yawancin fitattun an rubuta su ne a kan matsalolin manya. Uwar Gulma rikicin aure ne. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, labarin mai kuɗi ne da ke lalata rayuwar 'yar makaranta. Za su karanta su a gaba, ya kamata ma su karanta, amma ba su ne za su sa mai shekara 12 ta so littafi ba. Bayan haka, rubutaccen wasa ya riga ya gama wa yaro aiki, sai hadda. Labari kuwa yana tilasta masa ya yanke shawara: wa zai tsaya ina, me za a zubar, a ina za a yi shiru. In babban ya kai shekara 16 yana nan kan bakansa, ki nemo masa Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan ban dariya na Shekisfiya, ya ga yadda ake gina rikici a kan ɓad da kama da kamannin tagwaye.

Ki ɗan leƙa Ruwan Bagaja kafin ki miƙa. Alhaji ba mutumin kirki ba ne a yawancin tafiyar: yana ƙarya, yana damfara, kuma sau da yawa yana tsira. Akwai duka, akwai aljannu can wajen ƙarshe. Ni ban taɓa ganin yaron da littafin ya koya wa cuta ba, amma na ga amfanin a tambaye su bayan wasa: wa aka yi wa dariya a fitowar wata, mai ilimi ko mutanen da suka kore shi? Ki bar su su yi gardama, kada ki ba su amsa. Ɓangaren aljannun kuma, a ganina, ya fi raunin dariya kuma ya fi wuyar nunawa, su karanta shi don jin ƙarshen labari kawai. Za su tarar da tsofaffin kalmomi da ba a cika ji ba yanzu. In akwai kaka a gidan, ita ce ƙamus, kuma kin sama mata kujerar gaba ranar wasa.

Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya (ba na man fetur ba) ne ke buga littattafan biyu, ana samun su a shagunan sayar da littattafan makaranta. Ki sayi na takarda. Waɗanda ke yawo a waya sau da yawa an zubar masu da lanƙwasar baƙaƙe, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, mai karatu a bayyane kuwa a nan yake tuntuɓe. Akwai masu karanta littattafan nan a YouTube, amma kada su saurara sai sun yi nasu, in ba haka ba muryar wani za su ɗauka, ke kuma kin san gwanayen ɗauka ne. Wayar ma a ajiye ta ranar wasa. Yaro in ya ga ana ɗaukarsa sai ya koma yi wa waya wasa, murya ta ƙanƙance, ya manta da na bayan tsakar gida. In wata rana abin ya girma har suna son ɗauka su watsa, a nemi izinin masu haƙƙin littafin tukuna.

Idan hanya ta kawo ku Katsina, ki biya da su ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, su ga inda marubucin ya yi karatu.

Wuƙar Kalala kuma ta kwali za a yi, a shafa mata toka ta yi fari. Na taɓa sakaci wani yaro ya zo da ta kicin ɗin gidansu a cikin jaka don wasan ya yi kama da gaske, ban sani ba sai da ya zaro ta. Wanda ke baƙo bai tsaya a inda muka shata masa ba, sai a bakin ƙofar makaranta aka tare shi.